Sharhi: Daga Gidan Rumji zuwa Dogo-Dogo, wane irin taro ne ke kare baƙon da ya gudo?

Ranar 20 ga watan Yuni ta kowace shekara ita ce ranar ’yan gudun hijira ta duniya. A Yamai da Maraɗi da Difa akan kafa rumfa, a jera kujeru, gwamna ko wakilinsa ya yi jawabi, wakilin hukumar HCR ya yi nasa, yara su yi wasan kwaikwayo, a yi addu’a a watse. A nan gundumar Dungas kuwa, ranar takan zo ta wuce kamar kowace rana ta farkon damina, mai shuka na shukarsa, mai jiran ruwa na kallon gabas. In ka tare mutumin Dogo-Dogo da zancen, abin da zai ce maka shi ne: ai mu ba mu da sansani, wannan magana ta mutanen Difa ce.

Ba ƙarya ya yi ba. Babu sansanin ’yan gudun hijira a Dogo-Dogo, babu a Dungas, babu a Magarya. Jihar Jigawa da muke maƙwabtaka da ita, alhamdu lillahi, ba ta faɗa halin da Zamfara da Sakkwato suka faɗa ba. Amma duk wanda ya san ƙasar nan ya san iyakar da ke tsakaninmu da Najeriya a takarda take da ƙarfi. A ƙasa, gona ta ƙetare ta, kiwo ya ƙetare ta, aure ya ƙetare ta sau ba adadi. Ranar Alhamis rabin hankalin karkarar nan yana kasuwar Maigatari. Hanyar da bijimi da wake ke bi su yi kudu, ita ce hanyar da mai neman tsira zai biyo ya yi arewa in abu ya ɓaci. Da a 2018 ka tambayi mutumin Gidan Rumji, da irin wannan amsar zai ba ka: mu ba mu da sansani.

Shi ya sa yake da kyau mu dubi abin da ya faru a can, mu tambayi kanmu, in an ce taron kare haƙƙin ɗan Adam, wane taro ake nufi? Na ɗakin otel mai kuɗin zama da lemun kwalba, ko na ƙofar gidan mai gari bayan la’asar?

Abin da ya faru a jihar Maraɗi

A watannin farko na 2019 ne mutane suka fara kwararowa daga ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji, suna gudun ’yan bindigar daji masu kore shanu da sace mutane don kuɗin fansa. A ƙarshen watan Mayu hukumar HCR ta yi maganar mutum kusan 20,000. Kafin watan Satumba ya ƙare, adadin ya haura 40,000, galibinsu mata da ƙananan yara. A cikin watan Satumban ne hukumar ta buɗe ofishinta a Maraɗi.

To, tsakanin Afrilu da Satumba wa ya riƙe mutanen nan? Duk manomi ya san watannin nan. Lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba. A daidai wannan gaɓar ne magidanta suka buɗe zaurukansu, mata suka ƙara ruwa a tukunya, masu gari da limamai da dattawa suka zauna suna rarraba baƙi gida-gida. An kai ɗauki daga hukuma da ƙungiyoyi, ba a ƙi ba, amma kwanan farko da tuwon farko na mutanen gari ne. Yaren ɗaya ne, addinin ɗaya ne, wani ma ɗan ’yar’uwarka ne da aka aurar can, sai ga shi ya dawo da goyo da ƙunshin kaya a ka.

Daga baya gwamnati da HCR suka ɓullo da wata dabara da ta bambanta da sansani irin na Sayam Foraj a jihar Difa. Aka zaɓi wasu garuruwa nesa da iyaka, Ɗan Daji Makau da Garin Kaka, daga baya Cadakori, aka riƙa mai da baƙin da suka yarda can, a zaunar da su a gefen garin da ke akwai. Famfon da aka haƙa na kowa ne, ajin da aka gina na kowa ne, ɗakin shan magani ma haka. Dabarar tana da ma’ana, domin ta hana abin nan da ke tunzura ɗan gari, wato ya ga ana sauke buhuna a bayan waya alhali shi ma da yunwa ya kwana. Sai dai filin da aka kafa baƙin a kai ba daga sama ya faɗo ba, gonar wani ce ko makiyayar wani ce. Da mutanen garuruwan nan ba su zauna sun amince ba, da ba a dasa ko turke ɗaya ba. Kuma duk da haka, da yawa daga cikin baƙin ba su yarda sun matsa ba, sun gwammace su zauna a ƙauyukan bakin iyaka kusa da danginsu da gonakin da suka baro, ko da hatsarin ya fi yawa a nan.

A watan Afrilun 2020 wasu mutum kusan 23,000 suka sake shigowa. ’Yan bindigar kuma ba su tsaya a iyaka suna jiran biza ba, sun riƙa ƙetarowa, har wasu daga cikin masu masaukin su ma suka bar gidajensu.

Akwai abin da ba a cika faɗa a jawabin ranar 20 ga Yuni ba: zumunci yana gajiya. Baƙon kwana uku daban, baƙon shekara uku daban. In layi ya yi tsawo a bakin rijiya, itacen girki ya yi nisa, kuɗin tiyar hatsi ya hau, aji ya cika har yara na zama a bakin ƙofa, sai ka fara jin ƙananan maganganu. A nan ne ake gane ko gari yana da wurin zama da ake warware irin wannan, ko kuwa an bar wa tsegumi da ƙarfin hali.

Abin da doka ta ce, a taƙaice

Mutanenmu sukan haɗa kowa a kalma ɗaya, amma doka ta raba. Wanda ya ƙetaro iyaka yana gudun kisa ko tashin hankali, shi ne ɗan gudun hijira a ma’anar yarjejeniyar Janeba ta 1951. Ƙasashen Afirka sun faɗaɗa ma’anar a yarjejeniyarsu ta 1969, ta yadda ba sai an farauci mutum shi kaɗai da sunansa ba, in zaman lafiyar yankinsa ya rushe ya gudo, ya shiga ciki. Nijar ta yi tata dokar mai lamba 97-016, kuma abin sha’awa, ranar 20 ga Yuni na 1997 aka sa mata hannu. Ginshiƙin duk waɗannan takardu abu ɗaya ne: ba a mai da mutum inda za a kashe shi.

Wanda kuma ya bar gidansa amma bai fita ƙasa ba, yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta yi maganarsa, kuma a watan Disamban 2018 Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta mai da ita dokar cikin gida, mai lamba 2018-74. Wannan doka ba ta tsaya ga masu gudun bindiga ba, ta haɗa har da wanda bala’i irin na ambaliya ya raba da muhallinsa. Ku tuna daminar 2024, wadda har tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe a cikinta. Magidancin da ɗakinsa ya zube ya kwashe iyalinsa ya koma ajin lakwal, yana da haƙƙi a kan hukuma a rubuce. Mutum nawa ne a karkarar nan suka taɓa jin haka?

Namu da ake dawo da su

Sai kashi na uku, wanda ya fi shafar mu kai tsaye: ’ya’yanmu da suka tafi biɗa aka koro su. Dattawan Dogo-Dogo ba sa buƙatar a karanta musu wannan a littafi. Sun ga korar baƙi da Najeriya ta yi a 1983, sun ga rufe iyaka na 1984 da ya haɗu da fari, har yunwar shekarar ta samu sunan da ake kiranta da shi har yau, El Buhari. Mun san yadda ake ji in an ce maka kai baƙo ne, tattara ka tafi.

Yanzu hanyar ta juya arewa. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yara 52, mata 33, maza 7, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mutanen gundumar Kance ne, nan maƙwabtanmu. Tun ƙarshen 2014 Aljeriya ke loda ’yan Nijar a manyan motoci tana dawo da su ta Asamaka. ’Yan wasu ƙasashen kuwa sai a zube su a wurin da ake kira Fuwan Zero, su taka kilomita kusan 15 a cikin rairayi kafin su ga gari. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. A watan Maris na 2022 kuma gwamnati ta tura jirage Dakar ta kwaso sama da mutum dubu masu bara a titunan birnin, kuma sunayen da suka yi ta fitowa a kafofin labarai su ne Kance da Magarya. Dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure an soke ta a watan Nuwamban 2023, hanya ta buɗe daga ɓangarenmu, amma korar daga can ba ta tsaya ba.

Bayan kowane irin wannan abin kunya ko abin kuka, akan kira taron faɗakarwa. A tara masu gari, a ja musu kunne, malamai su yi wa’azi a kan bara, a ce kada a sake barin mata su fita da yara. Maganar gaskiya ce. Ɗaukar ɗan wani a kai shi bara a ƙasar waje don a raba kuɗi da iyayensa fataucin mutum ne a dokar 2010, kuma tun watan Yulin 2019 akwai gidan karɓar waɗanda aka yi fataucinsu a Damagaram. Amma ku lura da yadda akan zauna a irin wannan taro. Maza a gaba a kan tabarma, matar da ake magana a kanta tana can bayan danga, in ma ta zo. Ba wanda ya tambaye ta bashin nawa ta ci kafin ta hau mota, ko gonar mijinta kwana nawa take ciyar da gidan. An yi mata faɗa, an tashi. Bayan girbi sai ta sake ɗaura ɗan kwali ta kama hanya, domin mai bashi bai halarci taron ba.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta yanzu

Shekaru biyar da suka wuce, da wani abu ya faru a bakin iyakarmu, da mun sa ran fararen motoci za su iso cikin ’yan makonni. Yau lissafin ya sauya. A watan Janairun 2025 Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, kuma ita ce kan gaba wajen ba HCR kuɗi. A watan Yuni hukumar ta sanar da rage ma’aikata kusan 3,500 a duniya. A cikin gida, an janye wa ƙungiyoyin ACTED da APBE izinin aiki a watan Nuwamban 2024, a watan Fabrairun 2025 kuma aka umarci ƙungiyar agaji ta CICR ta rufe ofisoshinta. Hukumomi na da hujjojinsu na tsaro da ’yancin ƙasa, ƙungiyoyin na da tasu amsar. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, sakamakon a ƙauye ɗaya ne: hannayen da za su miƙo ɗauki sun ragu.

Ƙofofin kai kuka ma sun ragu. A 2008 wata baiwar Allah ’yar Nijar, Hadijatu Mani, da taimakon ƙungiyar Timidriya, ta kai ƙarar ƙasa gaban kotun CEDEAO a kan bautar da aka yi da ita, ta yi nasara, aka yanke a biya ta sefa miliyan 10. Tun ranar 29 ga Janairun 2025 da Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar, wannan hanya ba ta nan ga sabon mai ƙara. Majalisun ƙananan hukumomi an rushe su a watan Afrilun 2024, kantomomin riƙo ke jan ragama, wato kansilan da ɗan ƙauye ya zaɓa yake tare shi a kasuwa ya faɗa masa damuwarsa babu shi yanzu. Masu fafutuka na birni kuwa suna taka-tsantsan. Musa Cangari na ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, wanda aka taɓa tsarewa a watan Mayun 2015 bayan ya soki yadda aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi, an sake kama shi a Yamai ranar 3 ga Disamban 2024.

Sannan ga wata doka da ya kamata kowane magidanci na bakin iyaka ya sani. A watan Janairun 2025 aka fitar da sabuwar doka a kan shigowa da zaman baƙi a Nijar. Daga cikin abin da ta ƙunsa, duk wanda ya sauki ɗan wata ƙasa, ko da kyauta ne ba haya ba, wajibi ne ya sanar da jami’an tsaro, in bai yi ba akwai hukunci. Ƙasar da ke cikin yaƙi tana da haƙƙin sanin wanda ya shigo mata, ba mai musun wannan. Amma ka ɗauki misalin Gidan Rumji ka ɗora a kai. Mata da yara sun faɗo maka da tsakar dare, ba karti dantite, ba komai, daga su sai tufafin jikinsu. In ka ji tsoro ka rufe ƙofa, ka tura su ga halaka. In ka ɓoye su ka yi shiru, ka jefa kanka cikin laifi, su kuma ka hana su shiga rajistar da za ta ba su kariya da abinci. Mafita ɗaya ce, a saukar da su a kuma sanar, kuma wannan ba aikin da za a bar wa magidanci shi kaɗai da fargabarsa ba ne. Gari ne zai san tun da wuri wa ake faɗa wa, wa zai rubuta, wa zai kira jandarma da kantoma.

Taron da muke da shi

Ba ƙirƙiro sabon abu za a yi ba. Akwai majalisar ƙofar mai gari. Akwai zaman bayan sallar Juma’a. Akwai fadar samari da ta yaɗu a jihar nan tun shekarun 1990, inda ake shan shayi ana warware duniya, kuma su ne masu babura da wayoyi, su ke fara sanin wanda ya shigo gari. Akwai asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda aka faro a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu har ƙasashen waje. Akwai ƙungiyoyin masu sauraren rediyo. Duk waɗannan suna zama ba tare da an biya kowa kuɗin mota ba, kuma za su ci gaba da zama ko furoje ya zo ko bai zo ba. Taron otel yana da amfaninsa, can ne ake koyon lambar doka da sunan ofis. Illarsa ita ce wanda aka tura ya dawo da jaka da riga mai tambari, ilimin kuma ya tsaya a aljihunsa.

Kada kuma mu yi wa taron gari kirarin da bai kai ba. Taron da ke iya buɗe wa baƙo zaure shi ne dai ke iya yanke masa hukunci a tsaye. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, aka tare wasu matafiya mafarauta ’yan arewacin Najeriya masu komawa gida yin salla, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu, aka cinna musu wuta. Duk mai jin Hausa ya ji zafin wannan. To, waɗanda suka aikata su ma a ganinsu garinsu suke karewa. Kalmar infoma tana da saurin kamawa kamar wutar kara, kuma mun san wanda takan fara faɗawa a kai: Bafulatani mai sanda, baƙon da ba shi da dangi a gari, matar da ba a san mijinta ba. Taron da bai tsai da ƙa’ida tun ranar lafiya ba cewa zargi na hukuma ne, ba a duka, ba a kora, ba a ƙona bukkar kowa, ranar tashin hankali ba zai iya tsai da ita ba. Liman da mai gari su faɗe ta da bakinsu a gaban samari, kuma a ce ardo yana zaune a wurin ana faɗa.

Haka kuma baƙon da kansa yana da baki. A Agadas, masu neman mafaka, yawancinsu ’yan Sudan, sun yi zaman dirshan a ƙofar ofishin HCR daga tsakiyar Disamban 2019, aka tarwatsa su a farkon Janairun 2020, cibiyar da suke zaune ta ƙone, aka kama ɗaruruwa. Labarin na da tsawo kuma kowane ɓangare na da nasa bayanin. Abin ɗauka a ciki shi ne mutanen da suka shekara suna jin ana yanke magana a kansu ba a tambaye su ba, ƙarshenta sukan nemi wata hanyar da za a ji su. In baƙi sun zauna a gari, a ba su wuri a tabarma, su fitar da nasu wakilin, namiji da mace.

Me taron zai tattauna? Ba sai an yi dogon turanci ba. Littafi ɗaya na rajista a hannun mai gari ko malamin lakwal, a rubuta sunan wanda ya zo, daga ina, yara nawa, gidan wa ya sauka, a kai wa hukuma. Wannan littafi shi ne kariyar mai masauki a gaban sabuwar dokar, shi ne kuma hujjar baƙo ranar da masu rajista suka iso. Sai maganar gona, wadda ita ce ke haddasa rigimar da ta fi daɗewa. Aron gona ga baƙo sadaka ce mai kyau, amma a yi ta da shaidu da takarda. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, kuma akwai su har a matakin ƙauye, inda mai gari ke shugabanta, suna iya rubuta aro ko jingina. In ba a rubuta ba, bayan shekara biyar mai gona ya rasu, ’ya’yansa su ce a tashi, baƙo ya ce ai kyauta aka ba shi, sai a wayi gari a gaban alƙali.

Takardar haihuwa kuma ita ce abin da muka fi sakaci da shi, alhali ta fi kowane arha. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kuma yaron da aka haifa a ƙasar nan, ko na ɗan gari ne ko na baƙo, ana rubuta shi. In kwanakin sun wuce sai an bi ta hannun alƙali, ko a jira zaman da alƙalai kan fito karkara su yi don raba irin waɗannan takardu. A gari irin namu, inda uwa ’yar Jigawa ce uba ɗan Dungas, an haifi yaro a gidan kakarsa can ƙetare, an yi suna a nan, yaron da ba shi da takarda yana iya girma ya tarar kowace ƙasa na ce masa ɗan ɗaya ƙasar ne. Ranar da aka tsai da shi a shinge, ko aka loda shi a mota a Tamanrasat, ba shi da abin nunawa. Wanda kuma ke da ƙara ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ ta taimakon shari’a da aka kafa a 2011, tana da ofis a manyan kotuna, har da ta Damagaram.

Zaman mata kuwa a yi shi daban, domin akwai abin da matar da aka yi wa fyaɗe a hanya, ko yarinyar da ake shirin aurarwa don a rage bakin ci, ba za ta taɓa faɗa a gaban surukinta ba. Ungozoma da shugabar asusu sun fi kowane mai gari sanin abin da ke faruwa a cikin gidaje. A nan ne kuma maganar bashin masu tafiya biɗa za ta fito fili, a ga ko asusu zai iya ɗaukar wani abu daga ciki kafin mai mota ya zo da tayinsa.

Lokacin yin wannan zama ma abin dubawa ne. In aka bari sai an gama girbi, samari sun watse, wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas, matan da za su yi arewa sun riga sun karɓi kuɗin mota. Tsakanin noman biyu da fitowar sabon gero ne kowa ke gida, aikin gona ya ɗan lafa, kuma a lokacin ne ake ƙulla shawarar tafiya. Masu garin da ke cikin ƙaramar hukumar Dogo-Dogo suna iya kai wa kantoma buƙata ɗaya tun yanzu, su nemi a turo jami’in rajistar haihuwa da na jandarma su zauna da mutane a bayyana musu dokar saukar baƙi da Hausa, a kuma ba kowane gari lambar wayar da zai kira in baƙi sun sauka da dare.